Idan Jakar Tarayya Ta Ƙi Buɗuwa a Kwamfutar Ofis

A ofishin da aka haɗa kwamfutoci da waya, akwai babbar na'ura guda da ake kira uwar garke. Ita ce rumbun ofis. A cikinta ake ajiye jakar da ma'aikata ke tarayya a kanta: jerin albashi, sunayen ɗalibai, wasiƙu. Idan ka rubuta sunanka da kalmar sirri da safe, uwar garke takan aiko wa kwamfutarka wani gajeren umarni da ake kira umarnin shiga. Shi ne ke haɗa ka da jakar, ya sa mata harafi, misali S ko P.

Wata rana za ka nemi harafin ka rasa, ko ka gan shi da jan gicciye. Kada hankalinka ya tashi. Galibi takardun suna nan lafiya, hanyar zuwa gare su ce ta yanke. Ya kamata mazaunin Akokan ya iya duba wannan da kansa, domin tun da aka rufe mahaƙar COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, ba kowane ƙaramin ofishi ko ƙungiya ke da gwanin kwamfuta a kusa ba.

Da farko ka tambayi abokin aikinka ko tasa jakar ta buɗe. Idan ta buɗe, matsalar a wurinka take: duba wayar da ke bayan kwamfutar, ko ƙaramar fitilar da ke bakinta tana ƙyaftawa. Ƙura takan shiga nan.

Idan kuwa kowa ya rasa, ka tuna ko wuta ta ɗauke. Lantarkin yankin daga tashar kwal ta SONICHAR da ke Anu Araren yake zuwa, tafiya mai nisa cikin hamada. In wuta ta dawo, ƙananan kwamfutoci sukan riga uwar garke tashi. Windows yana tuna kalmar sirrinka ta jiya, saboda haka zai bar ka ka shiga, amma umarnin shiga bai iso ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ka jira uwar garke ta gama tashi, ka fita daga sunanka, ka sake shiga.

Sai kuma agogo, wanda ba kasafai ake zarginsa ba. Idan agogon kwamfutarka ya saɓa da na uwar garke da fiye da minti 5, tana iya ƙin amincewa da kai. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe lokaci. In ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya duk lokacin da wuta ta ɗauke.

Kula da allon rubutu ma. Na Faransanci, wanda aka saba da shi a Nijar, yana farawa da AZERTY, kuma sai ka danne Maj kafin lambobin layin sama su fito. Wanda ake kawowa daga Najeriya yana farawa da QWERTY. Kalmar sirri ɗaya, amma yatsu su rubuta wani abu dabam. Kada ka yi ta gwadawa, domin a wasu ofisoshi ana kulle suna bayan kuskure kaɗan.

Idan kana ganin jakar amma saƙo ya ce «Accès refusé», waya ba ta da laifi. Izini ne ba a ba ka ba, kuma mai kula da uwar garke kaɗai ke ba da shi. Bayan ya sa sunanka cikin rukunin masu izini, sai ka fita ka sake shiga kafin ya fara aiki. Kada ka ari sunan wani, domin duk abin da aka goge, sunansa za a gani. Kafin ka kira mai gyara, ka kwafi saƙon a takarda harafi da harafi, tare da lokacin da ya fito.