Sabunta Kwamfuta Ba Tare da An Rufe Shago Ba, Daga Ƙaura Zuwa Shinkafi da Zurmi

A farkon zuwan kwamfuta shagunan Ƙauran Namoda, magani ɗaya muka sani ga kowace cuta: fomatin. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Bairos ya shigo ta filash, fomatin. A goge komai, a ɗora Windows XP daga faifan CD, a bi da Office da CorelDraw da direban firinta, ɗaya bayan ɗaya. Yini guda ke tafiya a kan kwamfuta ɗaya, in NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya kuma a koma farko. Masu kawo aiki, yawancinsu ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983, sai su tarar da ƙofa a buɗe amma ba aiki, su wuce shagon gaba. Mai shago bai damu da sunan manhajar da ka ɗora ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, yaushe za ta tashi?"

Dabarar farko da ta rage mana wahala ita ce raba faifan ajiya gida biyu. Windows ta zauna a C, takardun mutane su zauna a D, ko an goge C ɗin ɗalibi ba zai rasa furojet ɗinsa ba. Ta biyu ita ce Norton Ghost, daga baya Clonezilla. Za ka gyara kwamfuta ɗaya tsaf, ka ɗauki hotonta gaba ɗaya, ka zuba wa sauran. Aikin yini ya koma abin da ake gamawa tsakanin azahar da la'asar. Daga nan ne muka fara fahimtar abin da har yau shi ne ƙashin bayan sana'ar: ba a taɓa kwamfutar da ke aiki sai da hanyar komawa a hannu.

Wasu daga cikinmu sun san Linux ta gidan waya. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana aika faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, kyauta ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011 da aka dakatar da tsarin. Abin da ya ja hankalina a Ubuntu shi ne umarni ɗaya na sabunta duk manhajojin da ke kan na'ura, kana aiki tana sabuntawa, ba ta neman a kashe a kunna sai an taɓa zuciyar tsarin. Ana kuma iya ce mata ta sauko da kayan tukuna ta ajiye, a ɗora daga baya. Ga mai modem da ke rarrafe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai mu bar ta tana saukewa cikin dare lokacin da data ke araha, da safe ɗorawar ba ta wuce mintuna kaɗan.

Jarrabawar JAMB ce ta mayar da wasa gaske. Hukumar ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta daina ta takarda baki ɗaya. Yanzu ba maganar kwamfuta biyar a shago ake ba, zaure ne mai ɗaruruwan kwamfutoci da uwar garke guda, ga yara da aka kawo daga Zurmi da Shinkafi da ƙauyukansu tun asuba, a kan hanyoyin da ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba. In kwamfutar yaro ta tsaya, shekararsa ce za ta iya tafiya. A shekarar 2015 ɗin kuma Windows 10 ta fito da ɗabi'ar sabunta kanta ko ba ka so. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zaure yana kallon allo shuɗi na cewa kada a kashe, yaro na zaune ya riƙe takardar shiga yana kallonsa, ba ya bukatar a yi masa bayanin muhimmancin zaɓen lokaci.

Nan mutanenmu suka rabu biyu. Wasu suka toshe sabuntawa gaba ɗaya, suka ce abin da ke aiki a bar shi. Na fahimci tsoronsu, amma ban yarda da su ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar tun Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora ba. Masu garaje ma sun ga nasu darasin a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawa ɗaya mai lahani daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. An tura wa kowa a lokaci guda, ba a fara gwadawa a kan kaɗan ba.

Hanyar da muka zauna a kai tana tsakani. Microsoft na fitar da gyare-gyarenta ranar Talata ta biyu a kowane wata. Mukan ɗora wa kwamfuta ɗaya, wadda ba ta gaban kanta ba, mu gwada firinta, mu gwada na'urar ɗaukar hoton yatsa, don ita ce ta fi yawan ƙin tashi bayan sabuntawa. In ta kwana biyu lafiya, sai a bi sauran kashi-kashi, rabi na aiki ana gyara rabi. Uwar garke kuwa faifai biyu ake yi mata. A kwafe na aiki zuwa na biyu, a sabunta na biyun, a musanya su bayan an tashi. In ta ƙi, a mayar da tsohon, asarar ba ta wuce lokacin kwance sukurori huɗu ba. Ba a fara komai sai batirin inbata ya cika kuma janareta na da mai. Lokacin rajista da makon jarrabawa ba a taɓa komai, haka ranar Alhamis ga mai shago a Shinkafi, don ranar kasuwa ce.

Manyan kamfanoni sun bi wannan tunanin da kayan aikin da suka fi namu. Tun 2015 Linux ke da hanyar gyara zuciyar tsarin tana cikin aiki ba tare da an kashe ba. Android kuma daga 2016 ta ba masu ƙera waya damar yin gurbi biyu, wayar na aiki da ɗaya tana sabunta ɗayan, sai an sake kunnawa ta koma sabon. Faifai biyun nan namu ne, an dai sa su cikin aljihu.

Gwaji mafi tsanani ya zo a Satumban 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, wato janareta ma ya shiga wani hali. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Manhajojin da ke neman intanet kafin su buɗe suka zama gumaka. Wanda ke da ajiyar direbobi da manhajoji a faifan waje shi ya ci gaba da aiki, shi ne kuma maƙwabta suka riƙa aro a wurinsa. Tun daga lokacin, duk abin da aka sauko da shi sau ɗaya ana adana shi, kwamfuta ɗaya ta sauko ta raba wa sauran ta waya a cikin ɗaki.

Abin da ke gabanmu yanzu ya fi ƙarfin dabarar faifai. Microsoft ta janye tallafi daga XP a Afrilun 2014, daga Windows 7 a Janairun 2020, daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Sau biyun farko tsofaffin kwamfutocinmu sun iya ɗaukar magajiyar. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, yawancin kwamfutocin gwanjo da ake saro mana daga Kano ba su cika sharaɗin ba. Akwai masu tsallake binciken su ɗora ta da ƙarfi, ni dai ba na yi wa kwamfutar da jama'a suka dogara da ita haka, don ba tabbacin gyare-gyare za su ci gaba da zuwa mata. Wadda aikinta buga takardu da shiga intanet ne, ina mayar da ita Linux Mint ko Ubuntu mai tallafin shekara biyar. Wadda dole sai Windows saboda manhajar rajista, mai shago ya fara tara kuɗin sauya ta, a fara da wadda ke ɗaukar hoton yatsa.