Koyon Karatu a Azuzuwan Farko da Matsayin Na'ura a Firamaren Karkarar Ƙasar Katagum

Wannan maƙala ta dubi yadda ake koyar da karatu a aji ɗaya zuwa uku na firamare a karkarar da ke kewaye da Azare, wato yankunan Madara da Chinade, har zuwa Shira da Gamawa da Zaki, kuma matsayarta ita ce na'ura ba ta da abin da za ta ƙara wa yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, sai fa idan a hannun malaminsa aka fara ɗora ta.

Gwajin karatun azuzuwan farko, wanda a cikinsa ake ƙirga kalmomin da ɗalibi ya karanta daidai cikin minti ɗaya, an gudanar da shi a jihohin Bauchi da Sakkwato a ƙarƙashin tallafin hukumar USAID ta Amurka, ya kuma nuna cewa mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya da Hausa ba. Bayan haka ne shirin NEI Plus, wanda ya soma a 2015, ya samar da littattafan Mu Karanta, waɗanda suka gina darasi a kan sautin harafi, sannan gaɓa, sannan kalma.

Abin lura shi ne wannan tsari ba baƙo ba ne ga yaron ƙasar Katagum, domin a makarantar allo yana farawa da babbaƙu, wato sanin haruffa tsirararsu, kafin ya wuce farfaru, inda ake ɗora musu wasali. Yaron da ya shigo aji ɗaya da wannan horo ya riga ya san cewa zane yana ɗauke da sauti. Abin da ke rikita shi shi ne juyawar hannu daga dama zuwa hagu ta koma hagu zuwa dama, da kuma malamin da ke rera masa sunayen haruffa da Turanci alhali littafin da ke gabansa na Hausa ne. Nan ne gyara ya fi sauƙi, kuma nan ne aka fi sakaci.

Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ya buɗe ƙofar darussa ta intanet, amma makarantar da ba ta da lantarki, wadda ɗalibanta ke zaune a ƙasa, ba ta nan za ta fara ba. Akwai kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa: madannin waya da yawa ba sa fito da ƙ da ɗ da ɓ sai an saita su, don haka yaro kan ga “baki” inda ake nufin “baƙi”, ko “kafa” a maimakon “ƙafa”, tun kafin idonsa ya zauna a kan bambancin.

Saboda haka wayar da malami ya riga ya mallaka ta fi cancanta a fara da ita, a zuba mata sautukan haruffa da jagoran darasi waɗanda ba sa buƙatar data, a yi mata caji da sola. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, wadda ke yaye malaman firamaren yankin, ita ce wurin da ya dace ɗalibin malanta ya gwada wannan aiki kafin a tura shi ƙauye koyarwar gwaji.