Anini da kwabo mai huji: abin da ke ba tsohon kuɗi daraja

Anini, ɗari, kwabo, taro, sisi da sule su ne tsabar da ta kori wuri daga kasuwannin Kano, bayan da Turawan mulki, waɗanda suka kafa mazauninsu a Nasarawa, suka dage a riƙa biyan haraji da ita. A 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huji. Aninin farko na alminiyon ne, mai saurin lalacewa, sai aka sauya ƙarfen a 1908. Shi ya sa lafiyayyensa ke wuyar samu a yau.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsaba tsada. Masu tara ta suna duba ƙarancinta, da shekararta, da harafin masana'antar da ta buga ta a Ingila, kamar H ko KN. Lafiyarta kuwa ana auna ta da ma'aunin Sheldon, daga mataki na 1 zuwa na 70. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ya shahara, amma an buga shi da yawa, don haka yana da araha.

Wanda ya gaji irin wannan tsaba kada ya goge ta da toka ko lemon tsami. Gogewa tana cin zanen, farashin kuma ya faɗi.