Daga Kwalejin Katsina zuwa NCE: yadda ake zama malamin firamare

A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. Matsalar da ta fara tare shi ita ce ta wanda zai tsaya gaban yara. Malaman allo da na zaure ya tattaro, aka koya musu boko da lissafi, su kuma suka koyar da na bayansu. A wancan lokaci ba a tambayar kowa takarda. In mutum ya iya karatu da rubutu, sarki kuma ya yarda da halinsa, to ya zama malami.

Kwalejin Katsina ce ta sauya wannan. Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922 domin horar da malamai, kuma cikin waɗanda suka bi ta akwai Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. Dukansu sun riƙe alli kafin su riƙe wani abu. Daga baya kwalejin ta koma Kaduna, sannan Zariya, inda ta zama Barewa. Shehu Shagari ma, da ya yi karatu a Kaduna, ya yi hedimasta a Argungu tun kafin siyasa ta ɗauke shi. Sai dai waɗannan galibi makarantun midil suka nufa. Masu koyarwa a elemantare ta En'e daga ƙananan cibiyoyin horo suke fitowa, irin ta Toro a ƙasar Bauchi.

A nan aka samu takardun nan masu daraja-daraja, Giredi Uku da Giredi Biyu. Wanda ya gama firamare yana iya shiga kwalejin horon malamai ya yi shekara 5 ya fito da Giredi Biyu. Abin da ya kamata a tuna game da wannan horo shi ne ba a ware wa ɗalibi fanni guda. Lissafi, Turanci, Hausa, tarihi, wasan motsa jiki, har yadda ake rubutu a kan allo layi ya miƙe, duk sai ya ƙware, domin shi kaɗai zai riƙe aji tun safe har a tashi. Kuma kafin a ba shi takarda sai an tura shi wata makaranta ya koyar, masu duba shi na zaune a bayan aji da biro a hannu.

Shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, ya zo a 1976. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Aka shiga horon gaggawa: wanda ya gama sakandare a ba shi shekara 1 ko 2 a miƙa masa aji. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, don waɗanda suke bakin aiki su ƙaro ilimi ba tare da sun bar makarantunsu ba. A ganina, tun daga nan ne yawa ya fara rinjayar inganci.

Ita takardar shaidar malanta ta NCE tun farkon shekarun 1960 take, bayan rahoton kwamitin Ashby kan ilimi, kuma asalinta don ƙananan azuzuwan sakandare aka yi ta. Sannu a hankali aka mayar da ita mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita a Nijeriya, aka rufe kwalejojin Giredi Biyu. Yau mai son aikin sai ya gama sakandare, ya yi shekara 3 a kwalejin ilimi, ya kuma yi rajista da hukumar malamai ta TRCN da aka kafa a 1993. Mai digirin da ba na ilimi ba sai ya ƙara difiloma ta koyarwa.

Takarda dai ta ƙara girma. Amma da yawa daga masu NCE darussa biyu kawai suka karanta, a ce Hausa da Larabci, sai kuma a damƙa musu aji uku su koyar da lissafi da kimiyya. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce fiye da 21,000 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da ta gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka shirya jarrabawar, har ta tafi yajin aiki, amma hakan bai hana a sallami waɗanda suka faɗi a ɗauki sababbi ba.