Tsanin Shiga Jami'a: Tarihin Shirin Ɗalibai a Makarantun Arewacin Nijeriya, 1909 zuwa 1988

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk malamin da ya daɗe a makarantar sakandare ya san yadda a kan yi watsi da wannan magana: a bar yaro shekara da shekaru yana tafe yadda ya ga dama, sai jarrabawa ta ƙarato sa'an nan a tashi da darussan dare da bitar tsofaffin tambayoyi. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda shekarun sakandare suka zama shekarun shirin shiga jami'a a Arewacin Nijeriya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, tun asali ba a kafa tsanin ilmin boko na Arewa da nufin ya kai ga jami'a ba. Saboda haka duk sa'ad da aka buɗe wata ƙofa a sama, sai an komo ƙasa an gyara matakai, kuma kowane gyara ya ƙara matso da farkon shiri kusa da ajin farko.

A shekarar 1909 ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa ta Kano. Da Hausa a ke koyarwa a cikinta, kuma manufarta ita ce a sami 'ya'yan sarakuna da malamai waɗanda za su iya karatu da rubutu da lissafi don aikin En'e. A wannan shekara ɗin ce kuma aka buɗe Kwalejin Sarki a Ikko, inda tun 1859 'yan mishan su ke da makarantar sakandare mai koyarwa da Ingilishi. Watau ke nan, lokacin da yaron Kano ya ke fara haɗa baƙi da wasali na boko, takwaransa na Ikko ya riga ya sami hanyar da za ta kai shi ga jarrabawar Ingila. Wannan rata ta shekara hamsin ita ce tushen yawancin abin da ya biyo baya.

Mataki na biyu shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922. An kafa ta ne don horar da malamai Musulmi waɗanda za su koyar a makarantun larduna. Karatun shekara biyar ne, an kuwa ba da ƙarfi ƙwarai ga Ingilishi, musamman furucinsa, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. Daga nan Ahmadu Bello ya fita a 1931, Abubakar Imam a 1932, Abubakar Tafawa Balewa kuma a 1933. Amma fa ko ɗaya daga cikinsu ba a shirya shi don wata makaranta ta gaba ba, domin a idon hukuma Katsina ita ce ƙarshen tsani. Wanda ya gama sai ya koma lardinsa ya kama alli.

Bayan da aka haɗe ma'aikatun ilmi na Arewa da Kudu a 1929 a ƙarƙashin E. R. J. Hussey, sai aka mai da makarantun larduna suka zama makarantun Midil. Tsarin ya zama hawa uku. Yaro ya yi shekara huɗu a Elementare, inda a yawancin larduna da Hausa a ke karatu. In ya yi fice a kai shi Midil ta babban birnin lardi, inda zai kwana a makaranta ya kuma kama Ingilishi gadan-gadan. Daga Midil kuma a zaɓi 'yan kaɗan a aika da su Kwaleji. A nan ne aka fara samun abin da za a iya kira shirin shiga babbar makaranta, domin malaman Midil sun san guraben Kwaleji ƙidayayyu ne, kuma martabar kowace Midil tana rataye da yawan yaran da ta tura. Sai dai duk Arewa Kwalejin guda ɗaya ce ta gwamnati. A 1938 aka tashe ta daga Katsina zuwa Kaduna, a 1949 kuma aka kai ta Zariya, inda daga baya, a 1971, ta karɓi sunan Barewa.

Mutum biyu sun isa misali a kan ƙuncin hanyar a wancan zamani. Sa'adu Zungur ya fita daga Katsina ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shige ta. Dokta R. A. B. Dikko kuwa, likita na farko daga Arewa, ta makarantar mishan ta Wusasa ya bi, sa'an nan Kwalejin Sarki ta Ikko, kafin Jami'ar Birmingham. Hanyarsa ba ta ratsa ta tsanin gwamnatin Arewa ba ko kaɗan. Ko malaman da aka aika Jami'ar London a 1945, irin su Tafawa Balewa, da Aminu Kano da ya bi bayansu a 1946, manyan mutane ne da suka riga suka yi shekaru suna koyarwa, kuma shaidar malanta suka je nema.

Al'amari ya sake a 1948, da aka buɗe Kwalejin Jami'a a Badun, wadda ke ba da digirin Jami'ar London. Yanzu ga jami'a a cikin ƙasa, amma mabuɗinta yana hannun masu shirya jarrabawar Kambirij. Yaro ba zai ko tunkari ƙofar ba sai ya ci jarrabawar kammala sakandare da kyakkyawan sakamako a darussa da yawa a zama guda, Ingilishi kuwa tilas ne a cikinsu. Wanda ya faɗi Ingilishi ya yi asarar shaidar, ko da ya ƙware a sauran. Jarrabawa irin wannan ba ta ciwuwa da karatun shekara guda. Manhajarta ta shekaru ce, tana bukatar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da malamai masu digiri, abubuwan da Midil ba ta da su. Don haka a tsakiyar shekarun 1950 aka rushe tsarin Midil, ƙananan azuzuwanta suka zama babbar firamare, manyan kuma suka zama makarantun sakandare na larduna. A 1952 aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda sannu a hankali ta karɓi aikin daga hannun Kambirij.

Daɗin daɗawa, cin wannan jarrabawa bai wadatar ba. Mai son shiga karatun digiri kai tsaye sai ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya taƙaita ga darussa uku, ya zauna jarrabawar HSC ko makamanciyarta. Makarantun Arewa masu aji shida kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1952 da hedkwata a Zariya, ta ɗauki wani sashe na wannan nauyi. Abin lura a nan shi ne, darussa ukun da ɗalibi zai ɗauka a aji shida sun dogara ne ga waɗanda ya zaɓa tun yana tsakiyar sakandare. Yaron da makarantarsa ba ta koyar da kimiyya sosai ba, an rufe masa ƙofar likitanci da injiniyanci tun bai san akwai su ba.

Kwamitin Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, ya kuma nuna cewa ƙarancin makarantun sakandare shi ne babban cikas. Ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta zama sashe daga cikinta. Nan da nan gaskiyar Ashby ta bayyana, domin jami'a ta samu amma 'yan Arewa masu cika sharuɗɗan shigarta ba su da yawa. Maganin da jami'ar ta samo wajen 1970 shi ne ta buɗe Makarantar Share Fage a Zariya, ta ɗauki waɗanda suka gama sakandare ta yi musu da kanta aikin da aji shida ya kamata ya yi. Jihohi suka bi sawu da kwalejoji irin wannan, har ta Maiduguri ta zama jami'a a 1975. Wannan dabara ta yi amfani matuƙa, amma ita kanta shaida ce cewa sakandare ba ta gama aikinta ba.

A 1975 gwamnatin tarayya ta ƙara jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai, cikinsu har da na Sakkwato da Jos da Maiduguri da Kano. Da ya ke kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta, sai ya zama wani ya sami gurbi biyu ko uku, wani kuwa bai sami ko ɗaya ba. Don gyara wannan aka kafa hukumar JAMB a 1978, ta riƙa shirya jarrabawa guda: Ingilishi tilas, da waɗansu darussa uku da suka dace da fannin da a ke nema. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 kuma ta kawo tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. An fara aiki da shi a 1982, rukunin farko suka zauna sabuwar jarrabawar kammala sakandare a 1988, aji shida kuma ya kau daga makarantun gwamnati. Ta haka zaɓe tsakanin kimiyya da adabi da kasuwanci ya sauko kan yaro ɗan shekara goma sha biyar ko ƙasa da haka, kuma wannan zaɓe shi ke yanke irin karatun da zai iya nema bayan shekara uku.

In an duba duk waɗannan sauye-sauye, za a ga matsala guda wadda ta bi su tun daga Nassarawa, watau matsalar harshe. Yaron Arewa da Hausa ya ke fara tunani, a yawancin wurare da ita ya ke fara karatu, amma da Ingilishi a ke yi masa hukunci a ƙofar kowane mataki. Wahalar ba ta tsaya ga furuci ba, ko da ya ke an san Bahaushe kan tsarma wasali tsakanin baƙaƙe masu cunkoso, kamar yadda kalmomin aro irin su burodi da sukurdireba suka nuna. Ginin jimla ma daban ne: Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko yana ci gaba, tana nuna haka a jikin wakilin suna da ke gaban aikatau, alhali Ingilishi ya fi kula da lokacin aukuwar aiki, yana kuma sauya siffar aikatau ɗin kansa. Yaron da ba a warware masa wannan bambanci ba tun a ajin farko, zai kai ajin ƙarshe yana haddace jimlolin kimiyya da tarihi ba tare da ya iya gina nasa ba. Kwalejin Katsina ta ci nasara a kan wannan ne domin ɗalibanta kaɗan ne, shekara biyar kuma tana gogar harshensu kullum. Da makarantu suka yawaita, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sai wannan kulawa ta yi wuyar samuwa.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, darasin tarihin nan a sarari ya ke. Malamin da za su tura ajin farko na sakandare yana da hannu a shigar yaro jami'a daidai da mai koyar da ajin ƙarshe, ko ma fiye. Wajibi ne ya san nahawun Hausa sani na haƙiƙa, domin da shi zai gane inda Ingilishi ke kayar da almajiransa. Wajibi ne kuma ya san darussan da kowane fanni na jami'a ke bukata, ya sanar da yara da iyayensu kafin ranar zaɓen darussa ta zo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma a sha'anin shiga jami'a ɗanyen iccen nan yana ajin farko.