Kwandastan Bas na Landan da Matakalar da ta Kare Masa Zuciya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, likitocin Ingila sun shiga ruɗani. Magidanta masu shekara arba'in zuwa sittin suna ta yanke jiki suna faɗuwa saboda toshewar jijiyoyin zuciya, adadinsu kullum ƙaruwa yake, kuma babu mai iya nuna dalili. A lokacin, wanda ya tsira daga bugun zuciya akan kwantar da shi a gado har mako shida, a hana shi ko da miƙewa. Motsi a wajen likitan zuciya abin tsoro ne. Hujjar farko da ta girgiza wannan ra'ayi ta fito ne daga wata sana'a da ba a ɗauke ta a bakin komai ba, wato kwandastan bas.

Sana'ar ta girmi motar kanta. Ranar 4 ga Yuli 1829 George Shillibeer ya fara jigilar mutane daga unguwar Paddington zuwa tsakiyar birnin Landan a wani dogon keke mai dawaki uku, mai ɗaukar fasinja 22, kuɗin shiga sule guda. Direba na gaba da linzami, kwandasta na baya yana maƙale a kan ɗan tudun ƙofa, yana kiran fasinja yana karɓar kuɗi, kusan yadda yaron mota ke yi a tashoshinmu. Wajen 1850, da fasinja suka yi yawa, sai aka kafa benci a kan rufin, ana hawa ta wani tsani na ƙarfe. A shekarun 1880 aka maye gurbin tsanin da matakala mai lanƙwasa, kuma daga nan aikin kwandasta ya koma hawa da sauka.

Aiki ne mai wuya, ana wuni ana kai dare a kansa, sai dai yana da ɗan romo: tun da babu tikiti, abin da kwandasta ya ce ya tara shi ne ya tara, kuma ba duka ke isa hannun kamfani ba. Da babban kamfanin bas na birnin ya kawo tikiti a 1891, ma'aikata suka tafi yajin aiki, suka fito da alkawarin aikin awa 12 a rana. Dawaki suka bar layin kamfanin a 1911. Mata suka riƙe jakar kuɗin a yaƙin duniya na farko da na biyu, lokacin da maza ke fagen daga. Amma matakalar ba ta gusa ba.

Mutumin da ya gane darajarta shi ne Dakta Jeremy Morris, wanda aka fi sani da Jerry. An haife shi a Liverpool a 1910, ɗan Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai, ya tashi a Glasgow cikin talauci, ya yi aikin likitan soja a Indiya da Burma. A 1948 aka ba shi shugabancin wani sabon sashe na binciken dangantakar lafiya da zamantakewa. Tunaninsa shi ne, wataƙila irin aikin da mutum ke yi yana da hannu a ciwon zuciya. Sai ya nemi bayanan rashin lafiya da mace-macen ma'aikatan hukumar sufurin Landan na 1949 da 1950, maza kimanin 31,000 masu shekara 35 zuwa 64.

Dabarar tana cikin zaɓin da ya yi. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, hanya ɗaya suke bi, awannin aiki iri ɗaya suke yi, hayaƙi ɗaya suke shaƙa, a kantin gareji ɗaya suke shan shayi, kuma duk 'ya'yan talakawa ne. Babban abin da ya raba su shi ne kujera. Direba yana zaune kusan kashi 90 cikin ɗari na lokacin aikinsa, shi kuwa kwandasta yana taka matakala 500 zuwa 750 a kowace rana, da jakar kwabbai a kafaɗa, motar tana tafe tana jijjiga shi.

Lissafi ya nuna cewa a cikin kowane direba dubu, 2.7 ne ke kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya a shekara, a kwandastoci kuwa 1.9. Tazarar ta fi faɗi idan aka duba tsananin ciwon. Kwandasta in ya kamu, sau da yawa yakan zo masa da sauƙi, kamar ɗaurewar ƙirji idan ya yi aikin ƙarfi, kuma a shekaru masu nisa. Direba kuwa ya fi kwandasta fuskantar mutuwa farat ɗaya.

Morris bai yi gaggawar shela ba, kuma wannan haƙurin nasa ya fi sakamakon burgewa. Ya san za a ce ai tuƙi a cunkoson Landan ne ke cin zuciyar direba. Don haka ya juya ga ma'aikatan gidan waya: masu raba wasiƙu gida-gida a ƙafa ko a keke, da masu zama a ofis, akawuna da masu haɗa layin tarho. Nan ma haka abin ya fito, masu yawo sun fi masu zama lafiyar zuciya, ga shi kuma babu sitiyari a hannun akawu. Sai a watan Nuwamban 1953 ya wallafa binciken a mujallar likitoci ta The Lancet. Manyan likitocin zuciya da yawa suka karanta suka taɓe baki.

Masu sukar suna da hujja mai ƙarfi: wa ya ce ba masu ƙiba ne tun asali ke zaɓar kujerar direba ba? Domin amsa wannan, Morris ya shiga ɗakin ajiyar kayan ma'aikata. Hukumar ce ke ɗinka wa kowa yunifom, saboda haka tana da awon ƙugun wandon kowane mutum a rubuce. Sakamakon da ya fitar a 1956 ya ba masu sukar rabin gaskiya, domin direbobi sun fi kauri tun suna samari. Sauran rabin kuwa nasa ne: ko siriri ko mai tumbi, kwandasta ya fi direba mai irin ƙugunsa tsira daga mutuwar fuju'a. Yau an san dalilan da Morris bai iya aunawa ba a lokacin. Motsi na yau da kullum yana sauke hawan jini, yana sa tsoka ta ƙone sukari, yana kuma gyara yanayin kitsen da ke yawo a jini.

A daidai shekarar wandunan, sana'ar tana kan ganiyarta. A 1956 aka fara gwada Routemaster, jar bas ɗin nan mai buɗaɗɗiyar ƙofar baya da ta zama tambarin Landan, kuma a shekarar ce hukumar ta fara zuwa tsibirin Barbados ɗaukar ma'aikata saboda ƙarancin hannu; daga baya ta ƙara da Jamaika da Trinidad. Baƙaƙen fata da dama sun fara rayuwarsu a Ingila ne a kan wannan matakala. Amma albashin mutum biyu a mota ɗaya ya fara yi wa hukuma nauyi. A 1966 doka ta yarda direba shi kaɗai ya tafiyar da bas mai bene, yana tuƙi yana karɓar kuɗi, kuma daga nan layuka suka riƙa sallamar kwandastocinsu ɗaya bayan ɗaya.

Morris ya hango inda aka dosa. Idan injuna za su kwashe wahala daga wuraren aiki, to dole mutum ya nemo motsi da kansa bayan an tashi. Tsakanin 1968 da 1970 ya sa ma'aikatan gwamnati maza kusan 17,000, duk masu aikin tebur, su rubuta abin da suka yi a ranakun Juma'a da Asabar. Ya zaci duk wani motsi zai yi amfani, har da 'yan gyare-gyaren gida. Abin da ya samu shi ne masu motsi mai sa haki, kamar iyo, tuƙa keke da tafiya da sauri, su ne ciwon zuciya ya fi ƙaurace wa. Haɗarinsu bai kai rabin na sauran ba. Shi kansa ya kama gudu a dandalin Hampstead Heath a zamanin da ganin dattijo yana gudu ba tare da an biyo shi ba abin kallo ne, ya kuma ci gaba da iyo har ya haura shekara 90. A 1996 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba shi lambar yabo tare da Ralph Paffenbarger na Amurka, wanda ya yi irin wannan bincike a kan 'yan dakon tashar jirgin ruwa ta San Francisco da tsofaffin ɗaliban Harvard. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bai wa manya yanzu, ta aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, daga wannan zuriyar bincike ta fito. Morris ya rasu a watan Oktoban 2009 yana da shekara 99.

Routemaster ta ƙarshe a jigilar yau da kullum ta bi layi mai lamba 159 ranar 9 ga Disamba 2005, jama'a sun cika titi suna ɗaukar hoto. A 2012 magajin garin Landan, Boris Johnson, ya kawo sabuwar bas mai kwaikwayon tsohuwar, har da mutum na biyu a ƙofar baya. Sai dai wannan ba ya karɓar kuɗi, domin fasinja da kati suke biya. Aikinsa ya tsaya a ƙofa ya kula kada wani ya faɗo. A 2016 hukumar sufuri ta soke guraben su kimanin 300, ta ce hakan zai rage mata kashe fam miliyan 10 a shekara.