Tattara: daga wuyan sarakunan Turai zuwa keken ƴan wasan shiga

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shagon tela cikin goman ƙarshe na azumi ya san tattara. Ita ce dogon ƙyallen nan da ake tsukewa ta gefe guda, a bar ɗaya gefen sake yana rausaya, sannan a ɗora shi a bakin hannun riga, ko a wuya, ko a ƙasan buje. Da Faransanci ana ce da ita volant. Ba ta maganin sanyi, ba ta ƙara sutura. Ado ce zalla. Amma wannan ado yana da tarihi na fiye da shekara 400 a Turai, kuma ya samu sabon masauki wajen samari da ƴan mata masu wasan shigar jaruman littattafai da na finafinai, wanda mutanen Japon ke kira kosufure. Tambayar da ke bin wannan tarihi tun daga farkonsa guda ce: wa ke sa tattara, wa ke ɗinka ta?

Lissafin tela

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a san aikin. Tela yakan yanki ƙyalle mai tsawon wurin da za a yi wa ado sau biyu, wani lokaci har sau uku in yadin marar kauri ne. Sai ya kalmashe gefe guda. A ɗaya gefen ya bi da layi biyu na ɗinki mai dogon taki, ya kama bakin zaren ƙasa ya riƙa ja a hankali har ƙyallen ya tsuke ya dawo daidai awo. Daga nan ya rarraba tsukin da yatsa don kada wani wuri ya fi wani cika, ya kafe, ya bi da ɗinkin ƙarshe. Ke nan bujen da faɗin bakinsa ya kai mita 3 zai ci ƙyalle mita 6 zuwa 9 a hawa ɗaya, kuma kowane taƙi nasa sai an kalmashe shi. In hawa biyar ne, mai karatu ya yi lissafi da kansa. Tattara yadi take ci, da lokaci. Saboda haka a zamanin da allura kaɗai ke aiki, sa ta shela ce cewa mai rigar yana da dukiyar ɓatarwa da hannuwan da ke yi masa wahala.

Zamanin sitaci da dokar sarki

A tsakiyar ƙarni na 16, ƴar tattarar da ke bakin wuyan taguwar Turawa ta fara girma har ta zama wani faifai mai zaman kansa da ke kewaye wuya, wanda Faransawa suka sa wa suna fraise. Sitaci ne ya ba ta damar tsayawa. A shekara ta 1564 wata mace daga ƙasar Flandre, Dinghen van den Plasse, ta zauna Landan tana koyar da sa sitaci a kan kuɗi. Babbar fraise takan ci lallausan lilin mita 10 ko fiye, kuma duk sa'ad da aka wanke ta sai an sake sa sitaci, an sake murɗa kowane lanƙwasa da ƙarfe mai zafi. Ruwan sama kaɗan ya isa ya rushe aikin yini guda. A 1583 marubucin Ingila Philip Stubbes ya yi mata tofin Allah tsine cikin littafinsa, ya danganta sitaci da Shaiɗan. A 1623 kuma sarkin Ispaniya Philippe na 4 ya hana sa ta da doka, don rage almubazzaranci.

Malaman Faransanci sun san yadda Molière ya yi amfani da wannan ado cikin Les Précieuses ridicules a 1659. Mascarille bara ne da ya yi shigar mai sarauta, yana alfahari da manyan tattarorin leshi da ke gwiwarsa, har ƴan mata biyu suka ruɗu. Da wasa ya zo ƙarshe, iyayen gidan suka shigo suka sa aka tuɓe barorin a gaban jama'a. Dariyar ƴan kallo tana ɗauke da hukunci: tattara tana da masu ita, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Versailles

A ƙarni na 18 fadar Versailles ta kai abin matuƙa. Rigunan Madame de Pompadour, kamar yadda François Boucher ya zana su, suna da tattarar leshi hawa biyu ko uku a gwiwar hannu, ga wasu jere a gaban buje. Sarauniya Marie-Antoinette tana da mai yi mata ado, Rose Bertin, wadda mutanen Paris suka laƙaba wa sunan ministar ado. A 1783 Élisabeth Vigée Le Brun ta baje hoton sarauniyar sanye da farar rigar auduga marar nauyi, mai tattara a wuya. Jama'a suka ce ai matar sarki ta fito da rigar ciki, dole aka janye hoton, aka maye gurbinsa da wani inda take sanye da alharini. In ta yi ado a ce ta cinye baitulmali, in ta sassauta a ce ta zubar da girman sarauta. Bayan shekara 10, ranar 16 ga Oktoba 1793, aka fille mata kai.

Keke ya shigo

A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya samu takardar mallakar keken ɗinki, ya buɗe ma'aikata a Paris da keke wajen 80 don ɗinka kayan soja. A 1831 teloli suka afka wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron rasa abincinsu. Thimonnier ya rasu cikin talauci a 1857. A Amurka ne abin ya kankama, da Elias Howe a 1846 da Isaac Singer a 1851. Daga baya aka fara sayar da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa keke, yana tsuke ƙyalle da kansa yayin da allura ke tafiya.

An yi zaton keke zai hutar da mata masu ɗinki, waɗanda Thomas Hood ya bayyana wahalarsu cikin wata waƙa a 1843. Abin da ya faru dabam ne. Da ɗinki ya yi sauƙi, sai masu sayen riguna suka ƙara yawan adon da suke nema, har rigunan shekarun 1870 suka cika da tattara da ninki tun daga ƙugu har ƙasa. Tattara ta sauko daga fada ta shiga gidan ɗan kasuwa da na akawu, amma mai ɗinka ta tana nan cikin ɗaki mai duhu, ana biyanta a kan kowace riga.

Japon ta ɗauka

Yadda tattarar Versailles ta isa Japon ta hanyar littafi ne. Daga 1972 zuwa 1973 Riyoko Ikeda ta wallafa labari cikin zane mai suna La Rose de Versailles a mujallar ƴan mata ta Margaret. Labarin Marie-Antoinette ne da Oscar, yarinyar da ubanta ya rene ta kamar namiji har ta shugabanci dogaran fada. A 1974 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Takarazuka, wadda mata zalla ke wasa cikinta, ta kai shi dandali. A 1979 ya zama fim ɗin zane na telebijin, wanda masu jin Faransanci suka sani da Lady Oscar. Ƴan matan Japon suka taso da hoton rigunan ƙarni na 18 a idonsu, kuma daga baya wani salon ado mai yawan tattara da leshi ya bayyana a unguwar Harajuku ta Tokiyo.

Shi kuwa wasan shiga yana da nasa asali. A 1939, wajen taron farko na duniya na masu son labaran ƙagen kimiyya a New York, Myrtle Douglas da Forrest Ackerman sun zo sanye da tufafin mutanen zamani mai zuwa, kuma ita ce ta ɗinka su da hannunta. A Tokiyo, kasuwar Comiket da aka fara a 1975 ta zama matattarar masu shigar jaruman littattafai, sannan a 1983 Nobuyuki Takahashi ya yi amfani da kalmar kosufure cikin mujallar My Anime. Wanda ya san wasan kara na Damagaram, inda talaka ke yin shigar manya na yini guda, ba zai rasa gane daɗin abin ba.

A nan ne tarihin ya juya. Babban taron duniya na wannan wasa, da aka fara a birnin Nagoya a 2003, ya shimfiɗa wa masu shiga gasarsa sharaɗi cewa su ne za su yi tufafinsu da kansu, kuma alƙalai sukan duba ɗinkin kusa da kusa kafin a hau dandali. Aikin ma ya fi na da wuya ta wani fanni, domin mai zane ba ya sayen yadi: alƙalaminsa yana iya jera tattara hawa bakwai da ke tsaye cikin iska ba nauyi. Yarinyar da ke son ta fito kamar hoton dole ta nemo dabara, ta zaɓi yadi mai tauri, ta sa wani buje a ciki don ya ɗaga na waje, ta kwana tana jan zare. Wadda ke sanye da rigar sarauniya ita ce kuma telar, kuma yabon da ake yi mata na allurarta ne.

Kammalawa

Sai dai tsohuwar tambaya ba ta mutu ba. Da wasan ya zama kasuwa, masana'antu, musamman a ƙasar Sin, suka shiga ɗinka kayan jarumai ana saye ta intanet, mai ɗinki ya sake ɓacewa daga ido kamar yadda mai sa sitaci ta ɓace bayan wuyan sarki. Darasin da malami zai iya kai wa aji a nan mai sauƙi ne: tufa ma takardar tarihi ce ga wanda ya iya karanta ta. In ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta za ta nuna Mascarille, ya dace ɗalibai su auna ƙyallen gwiwarsa da kansu, su kalmashe, su ja zaren, su ga yawan sa'o'in da ya ci. Ran wasa kuma, in ana kiran sunayen ƴan wasa, a kira na wanda ya zauna a kan keke.